Aska a Dama, Haske a Hagu

Warin babbaka na fara ji, irin na kan akuya idan an ɗora shi a wuta, sai can na gane naman bakina ne yake ƙonewa. Zafi kam ban ji ba. Sun riga sun yi min allura a dasashi, hagu da dama, leɓena ya yi nauyi kamar an ara min na wani. Sun kuma rufe min ido da wani baƙin tabarau, wai kada hasken ya taɓa min gani. Likitar yarinya ce, ko 'yata ta biyu ta girme ta. Tana riƙe da wani abu kamar biro mai igiya tana cewa, "Mama, kada ku motsa, saura kaɗan."

Haƙoran roba ne suka kai ni kujerar nan. Na ƙasa ne, na daɗe da su, suka saki, suka riƙa goga min nama ina cijewa ina ci gaba da aikina. Har tsoka ta tsiro min guda biyu a kwarmin da ke tsakanin leɓe da dasashi, ɗaya hagu ɗaya dama. Likitar ta ce sai an cire su kafin a yi min wasu haƙoran. Ta ce da na'ura za ta yi, sunanta lesa, da haske take yanka, ba jini ba ɗinki. Na ce ta yi da duk abin da ta ga dama, ni dai ta sallame ni da wuri.

Tana gama na hagu aka ɗauke wuta. Na'urar ta yi ɗan kuka ta mutu, fanka ta tsaya. Muka zauna jiran janareta, ni baki buɗe da auduga a ciki. Can wani ya leƙo ya ce janaretan ya ƙi tashi, mai gyara kuma ya tafi neman wani ƙarfe, ba lallai ya dawo yau ba. Likitar ta cire min tabarau ta ce zaɓi biyu ne. Ko in tafi in dawo wani makon a ƙarasa da na'ura, ko ta yanke na dama da aska yanzu tun allurar ba ta sake ni ba.

Ba ni da wani makon. Ni ce mai abincin wani kamfanin jimar fata a Challawa, rumfata tana cikin katanga, shekara goma sha tara ina dafa wa ma'aikata. Hutun mako ɗaya manaja ya ba ni. Ƙanwata na bar wa tukwane, ita kuwa hannunta nauyi ne da shi wajen gishiri, kuma ba ta iya riƙe bakinta ba. Na tofar da audugar na ce ta yanka.

Suka ja kujerar bakin taga, wata nas ta haska min baki da fitilar waya. Wannan karon na ga jini, na ɗanɗana shi ma. Na ji zare yana wucewa ta cikin naman kamar ana ɗinke bakin buhu, sau huɗu. Da ta gama tana wanke hannu tana ta yi min bayani, ni kuwa kaina yana juyawa. Abin da na riƙe shi ne ruwan gishiri mai ɗumi, ban da yaji, ban da abu mai zafi, in dawo Talata mai zuwa a cire zare. Na san ta faɗi wasu abubuwan. Na yi ta gyaɗa mata kai don ta bar ni in tafi gida.

Kwana biyun farko ɓangaren aska ne ya hana ni sakat. Kumatu ya kumbura, wurin yana zuga har cikin kunne. Ɓangaren haske kuwa shiru, kamar ba a taɓa shi ba. Duk maƙwabciyar da ta shigo gaishe ni a Ɗorayi sai na yi mata kirarin na'urar nan, ina tsine wa janareta.

Ranar Alhamis da hantsi na ɗauki madubi na fita tsakar gida inda haske yake, na ja leɓena ƙasa. Na dama ya haɗe, ga baƙin zarensa a jere kamar kalmasar zane. Na hagu a buɗe yake, faɗinsa ya kai farcen babban yatsa, kuma wani abu fari mai ratsin rawaya ya shimfiɗe a kansa. Na ƙara matso da madubin. Na yi jinyar yara, na yi jinyar miji, na san kamannin mugunya. Da ƙanwata ta dawo daga kamfani da la'asar na nuna mata. Ta leƙa, ta ja baya, ta ce, "Yaya, wannan ai ruɓewa ya fara."

Ni mai girki ce. Duk abin da ya taso fari a saman tukunyar nama kwashe shi ake yi, in an bar shi romo ya ɓaci. Da wannan hankalin na yi aiki. Na yagi ƙyalle mai tsabta na naɗe a yatsa, na tsoma a ruwan gishiri mai zafi, na kankare wurin. Sai da na dafa bango. Hawaye suka zubo ba tare da na yi kuka ba. Amma farin ya fita, ƙarƙashinsa ja wur, tas da shi. Na ce alhamdu lillahi, na kama shi da wuri.

Washegari ya dawo. Na sake kankarewa.

A ranar ce ƙanwata ta yi min aika-aika, kuma da kyakkyawar niyya ta yi. Tana zuba wa ma'aikata abinci, layi cike, ta tambaya ko akwai wanda ya san maganin ciwon baki mai fitar da mugunya, don Yayarta ce ba ta da lafiya. Wani ya ce bagaruwa, wani ya ce alif. Ta dawo min da su tana murna. Ranar Asabar ta dawo da rabin tukunyar tuwo, muka rarraba wa maƙwabta. Maganar ta shiga ɗakin injina ta fito da wata kama. Wai bakina ya ruɓe. Wai ciwon daji ne, shi ya sa likitoci suka ƙone wurin da wuta. Wai shekara da shekaru da bakin nan nake ɗanɗana musu miya. Alhali kowa ya sha ganina, a tafin hannu nake ɗiga miya in lasa, ludayina bai taɓa zuwa bakina ba.

Da yammacin Asabar ɗin manaja ya kira ni a waya. Ya yi gaisuwa mai tsawo, irin wadda in ka ji ta ka san akwai magana a bayanta. Ya ce shi bai yarda da surutun mutane ba, amma abinci abinci ne. Ya ce in zo Litinin Sista ta duba bakin, wato nas ɗin kamfani. In ta ga mugunya, sai dai in yi haƙuri, rumfa ba za ta zauna haka ba. Akwai wata mata daga Na'ibawa da ta zo sau biyu tana nema.

Na ce, "Yallaɓai, shekara goma sha tara wa ya taɓa yin gudawa da abincina?"

Ya ce ba wanda ya ce an yi, in dai zo Litinin.

Asibiti ba sa aikin haƙori Asabar da Lahadi. Kuma gaskiya ko suna yi ban da niyyar zuwa. Tsorona kada yarinyar nan ta ce sai an sake yanka, wani makon ya tafi. Na ce ni zan gyara abina. Ranar Lahadi sau uku na kankare. Na dafa bagaruwa na kuskure baki da ruwanta har harshena ya yi kauri, na goga alif. Koko kaɗai nake iya sha, shi ma sai ya huce, ina karkata kai in zuba ta ɓangaren aska. Abin haushi, ɓangaren da na yi ta zagi shi ne ya zame min hanyar abinci. Kumburinsa ya saɓe, zaren kawai ke ɗan sukar leɓe.

Litinin bayan sallar asuba na yi kankara ta ƙarshe, na yi ta da kyau, na hau adaidaita. Tun daga kwanar Challawa warin fata da ruwan kwata ya tare ni, warin da na daina ji shekaru, ranar sai da na toshe hanci. Na zauna a benci ƙofar ɗakin Sista wajen awa biyu. Ma'aikata suna wucewa da takalman roba suna gaishe ni daga nesa. Yaran da na sani tun ba su da gemu, ba wanda ya matso. Ni kuwa ina ta haɗiye yawu mai ɗanɗanon jini don kada a ga na tofar.

Sista 'yar Kudancin Kaduna ce, ta kusa yin ritaya, kuma duk ranar da na yi miyar taushe sai ta aiko da kwanonta. Ta sa safar hannu, ta kunna tocila. Ta duba dama ta ce wannan ya yi kyau, mai ɗinkin ta iya. Ta koma hagu. Ta daɗe tana haska wurin.

"Mama, me kuke sa wa wurin nan?"

Na ce gishiri. Na ce ta duba da kyau, ai babu mugunya.

Ta ce mugunya kam ba ta gani ba, amma ɗanyen nama ne a buɗe yana tsattsafo da jini, gefensa duk ya ƙuje. Ta ce ita tun da take aiki ba ta taɓa ganin likita ya yanka wuri ya bar shi haka ba ɗinki ba, kuma ba za ta sa hannu a kan abin da ba ta gane ba. Na roƙe ta. Ban saba roƙo ba, bai ma yi min kyau a baki ba. Ta cire safar ta jefa a kwando, ta ce in jira. Ina jiyo muryarta a ofishin manaja, ta ɗaga ta sauka. Da ta fito ta ce ya ƙara min zuwa Juma'a, in kawo takarda daga likitar da ta yi aikin, kuma za ta sake dubawa.

Talata na koma asibiti. Cire zaren bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Likitar ta ce ɓangaren nan ya gama, saura ƙarfi kawai. Ta ja leɓen ta hagu, sai na ga ta sauke hannunta.

"Mama, wa ya taɓa nan?"

Na faɗa mata duka, ƙyalle da gishiri da bagaruwa da alif, har sau nawa. Ta zauna a kan 'yar kujerarta ta rufe ido. Sannan ta yi min bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda ba a so a zage shi. Ta ce yankan aska ana haɗa bakinsa da zare, shi ya sa yake zafi da kumburi da farko amma yake saurin rufewa. Yankan haske ƙuna ce, tana toshe jini, ba a ɗinke ta, a buɗe ake barin ta. Farin nan da nake gani ba mugunya ba ce, murfi ne da jiki yake yi wa ciwon, a ƙarƙashinsa sabuwar fata take rarrafowa daga gefe. Da na ƙyale shi, mako biyu zuwa uku ya rufe ba tare da na ji komai ba. Ta ce kullum jikina yana kwana yana aiki, ni kuma ina tashi da safe in rushe.

Na ce ai da sai ta faɗa min.

Ta ce ta faɗa, har sau biyu, ranar da aka yi aikin.

Na ce, "Kin faɗa wa tsohuwar da bakinta ke cike da auduga, kanta yana juyawa. Da bango kika faɗa wa ma ya fi ni riƙewa."

Ta ce haka ne.

Na gaya mata maganar rumfa. Ta jawo takarda ta fara rubutu da Turanci. Na ce ta ƙara da Hausa a ƙasa, ba na ɗaukar takardar da ban san abin da ke cikinta ba. Da girmana na koyi karatu, a ajin manya, kuma Hausa kaɗai na iya. Ta rubuta, na bi da yatsa ina haɗa baƙaƙen a gabanta. Ta ce ciwon na aikin likita ne, farin da ke kansa alamar warkewa ce, kuma ba cuta ce da wani zai ɗauka ba. Na ce ta ƙara cewa zuwa Juma'a ya warke. Ta ce wannan ba za ta rubuta ba, don ba gaskiya ba ne.

"Ranar Juma'a fari zai kasance, Mama, in kun ƙyale shi. In kuma ja ne, to kun sake taɓawa, kuma mun koma farko."

Na fito da takarda a jaka, hankalina ya fi na da tashi. Abin da duk kamfani yake ƙyama, shi aka ce in tafi da shi a baki in nuna.

Laraba da Alhamis na sha wuya fiye da kwanakin kankara. Na ba maƙwabciyata madubin na ce ko na zo da kuka kada ta ba ni. Amma harshe ba ya bukatar madubi. Kowane lokaci yana can yana lalube, yana gaya min abin ya dawo, ya yi kauri, ya yi santsi. Ruwan gishiri nake ɗiba in riƙe a baki in sunkuya ya zube da kansa, yadda ta koya min, ko kuskurewa ba na yi. Alhamis da yamma ƙanwata ta dawo da tuwo fiye da na kullum. Ta ce matar Na'ibawa ta zo, ta tsaya tana kallon murhuna, har ta ajiye manyan tukwane biyu a ɗakin maigadi.

Juma'a da safe na tsinci kaina a bayan ɗaki da ƙyalle naɗe a yatsa. Ban san lokacin da na yage shi ba. Na tsaya ina lissafi. In na goge, Sista za ta ga ja, ta san na taɓa, amma ma'aikata in sun gani za su ce tsabta ce. In na bari, likita ta yarda, Sista wataƙila, sauran kuma Allah kaɗai ya sani. Ƙanwata ta ƙwala min kira cewa mai adaidaita yana jira. Na warware ƙyallen na jefa a murhu.

Sista ta karanta takardar sama da ƙasa. Ta kira lambar da ke jiki, suka yi magana da likitar da Turanci, tana haska bakina da tocila tana amsawa. Da ta kashe wayar ta ce ita ma yau ta ƙaru. Ta sa hannu, da sharaɗin in sa takunkumi kuma kada in ɗanɗana komai. Manaja ya karɓi takardar ya sa a aljihun tebur. Ya ce shi ya gamsu, amma ba shi ke cin abincin ba. In mutane sun ci yau, rumfa tawa ce. In sun fita waje kamar jiya da shekaranjiya, ba zai tsare su da takarda ba.

Shinkafa da wake na dafa, da mai da yaji. Gishiri da hannu na auna, ƙanwata ta ɗanɗana ta ce ya yi kaɗan, sai na san ya yi daidai. Ranar Juma'a 'yan coci ne ke riga kowa ci, lokacin da sauran suke masallaci. Mutum huɗu suka zo, biyu daga ciki suka ce ƙanwata ta zuba musu. Na ba ta ludayin.

Da aka sauko daga masallaci suka shigo ta ƙofa a tare, kowa da kwanonsa. Ba su yi layi ba. Suka tsaya a inuwar katanga suna kallon rumfa, wasu suna kallon ƙofar fita. Zufa tana bin cikin takunkumin tana shiga min baki. Matar Na'ibawa tana zaune a bencin maigadi, ta ɗora jaka a cinya.

Wani tsoho ne ya fito daga cikinsu, mutumin Damagaram, shi ke kula da tukunyar tururi tun kafin in zo kamfanin. Mu Kanawa tsakaninmu da Damagarawa wasa ne, kuma ni da shi ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ya tsaya nesa da tukunya kaɗan, kwano a bayansa.

"Bakanuwa, an ce bakinki ya ruɓe. Ni ban yi mamaki ba, da irin abin da ke fitowa daga cikinsa."

Na ce, "Kai da ka zo Kano ba ka san shinkafa ba, yau kai ne mai zaɓen mai dafa ta."

Wasu suka yi 'yar dariya suka haɗiye. Ya ce to mene ne nake ɓoyewa a bayan tsumma, in ba gaskiya ba ne. Na ajiye ludayi, na fito daga bayan tukwane zuwa cikin rana. Na sauke takunkumin, na kama leɓena na ja ƙasa. Ba haƙori ko ɗaya a wurin, ga tabon aska a dama, ga farin a hagu. Na ji wani ya ja tsaki, wani ya ce subhanallahi.

Tsohon ya sunkuyo har ina jin warin goronsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙe ya juya wajen mutanen, ya ce wannan ƙuna ce. Duk wanda bututun tururi ya taɓa lasa ya san ta, kwana uku take yi ta yi fari, kuma wawa ne kaɗai yake ɓare ta. Ya juyo gare ni.

"Kin ɓare ko?"

Na saki leɓen na ce na ɓare.

Ya ce ai ya sani, Bakano ba ya ganin abu ya ƙyale. Ya fito da kwanon daga bayansa ya miƙo, ya ce in cika, kuma ni zan zuba ba ƙanwata ba, ta kusa kashe su da gishiri. Na mayar da takunkumin, na wanke hannu a gabansu, na zuba masa. Wani da ya biyo bayansa ya dube ni, ya dubi tukunya, ya juya ya nufi ƙofa, mutum biyar ko shida suka bi shi. Wani yaron Jigawa mai aikin injin aske fata ya matso ya miƙo nasa, ya ce a ƙara masa wake. Sauran suka fara jeruwa a bayansa.